"Our able chairman": Turanci ne ko kirari?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah malaman Turancin cikinmu a taimaka mini. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai za ta yi taron shekara, ni aka ɗora wa rubuta jawabin maraba. Na sa "our able chairman" kamar yadda kowa ke yi, sai 'yata da ke jami'a ta leƙo ta ce wai wannan Turancin 'yan Najeriya ne, in mayar da shi "capable". Ni kuma kunnena bai karɓa ba. Mene ne bambancinsu, kuma wa ke da gaskiya tsakanina da ita?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Yaran yanzu ke nan Alhaji, ka biya kuɗin makaranta su dawo gida su riƙa yi maka maki.

Garba MC: Ranka ya daɗe bar shi yadda yake. Mun faɗe shi a gaban farfesoshi, mun faɗe shi a gaban alƙalai, ba wanda ya taɓa tasowa ya ƙwace makirufo.

Ticha Ladidi: Alhaji, da kai da ɗiyar taka kowa ya kama wani gefe. "Able chairman" ba kuskure ba ne. Turanci ne lafiyayye, Baturen Ingila ma yana cewa "an able lawyer" ko "an able student". Kalmar aiki biyu take yi. In "to" ta biyo bayanta, kamar "he is able to walk", iyawa ce kawai ko samun dama, babu yabo a ciki: mutum ne ya yi jinya ya tashi, yanzu yana iya takawa. In kuwa ta zo gaban suna, to nufinta gwani, mai basira a kan aikinsa. Ita "capable" ba ta tafiya da "to" sam, "of" ce abokiyar tafiyarta, sannan aikatau mai ƙarewa da "-ing", wato "capable of leading". Duk shekara sai jan birona ya kusa ƙarewa a kan "capable to do" a takardun 'yan aji shida.
Inda yarinyar ta hango wani abu shi ne yadda muke amfani da ita. Su can sai an ga aikin mutum ake ce masa "able", kuma galibi a rubuce ko a bayan idonsa. Mu nan tun ranar rantsarwa ake liƙa masa ita.

Baban Khalifa: Madalla Malama. Wato dai ban faɗi jarabawa ba.

Ɗan Gwaggo: Ni fa na taɓa jin cewa daga sunan Habila ɗan Annabi Adamu kalmar ta fito. Ai da Turanci "Abel" suke ce masa, kuma furucin ɗaya ne sak. Shi ne wanda aka karɓi hadayarsa, to ka ga shi ne mai iyawa.

Ustaz Kabiru: Ɗan Gwaggo a dai riƙa yi a hankali. Alƙur'ani ma bai ambaci sunayensu ba, "'ya'yan Adamu biyu" ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 27. Habila da Ƙabila a littattafan tafsiri da tarihi muka same su. Ballantana a ce daga nan Turawa suka ciro kalma.

Dokta Nura: Furuci ɗaya ne kam, amma ko kusa ba su haɗa kaka ba. Sunan Abel daga Ibrananci yake, ita kuwa "able" 'yar Latin ce, kuma ta Faransa ta biyo ta shiga Ingila. Asalinta "habilis", wadda aka ciro daga aikatau "habere", riƙewa ko mallaka. Romawa suna cewa "habilis" ga abin da ya zauna daidai a hannu, mai daɗin riƙo, mai sauƙin sarrafawa, kamar takobin da nauyinsa ya dace da mai shi. Daga kaya sai ta tsallaka kan mutane: wanda ya dace da aiki, wanda hannunsa ya faɗa.
A 1066 Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, Turanci kuma ya koma na talakawa. Ta wannan ƙofar dubban kalmomi suka shigo, ita "able" a ƙarni na 14 aka fara ganinta a rubuce-rubucen Turanci. A lokacin ma'anarta ta fi karkata ga dacewa da cancanta, daga baya ƙwarewa ta rinjaya. Harafin "h" kuma tun a bakin Faransawa ya mutu, don ba sa furta shi. A ƙarni na 16 da na 17 wasu masana masu son Latin sun yi ta ƙoƙarin dawo da shi, suna rubuta "hable" da "hability", jama'a suka ƙi bin su. Amma yana nan daram a jikin danginta, irin su "habit" da "rehabilitate", da "habeas corpus" ɗin lauyoyi.

Ɗan Gwaggo: To ni dai haka na ji, ban ce na gani a littafi ba.

Isufu na Maraɗi: Gaisuwa ga mutanen gida daga nan Nijar. Abin da Dokta ya faɗa haka yake, mu a lakwal, wato makarantar boko, "habile" aka koya mana, ana rubuta "h" amma ba a faɗinta. Sai dai a Faransanci in an ce mutum "habile" ne, ba kullum yabo ba ne tsantsa. Ana faɗa wa maƙeri ko tela mai hannu, ana kuma faɗa wa ɗan siyasa mai wayon zamewa. "Capable" ita ma muna da ita, rubutu iri ɗaya da naku, furuci ne ya bambanta. Kishiyarta ce abin tsoro. In mushe, wato malamin makaranta, ya dube ka a gaban aji ya ce "incapable", ranar ko abinci ba ya shiga.

Dokta Nura: Malam Isufu ka kawo mu kan "capable". Ita ta makara, sai a ƙarni na 16 ta shigo Turanci, ita ma ta hannun Faransawa. Tushenta "capere" na Latin, kamawa ko ɗauka. Da farko maganar mazubi ce, abin da wuri ko tulu zai iya ci. Shi ya sa 'yar'uwarta "capacity" har gobe take nufin yawan abin da tanki ko zaure zai ɗauka. To wannan asalin bai sake ta ba. "Able" tana duban abin da mutum ke iya yi yanzu, "capable" tana duban abin da ke ƙunshe a cikinsa, ko ya fito ko bai fito ba, alheri ne ko sharri. In aka ce "he is capable of murder" ba yabonsa aka yi ba, cewa aka yi a kiyaye shi, zai iya kisa.
Wani abin da ke ba ɗalibaina mamaki: kowa zai ɗauka "have" ta Turanci daga "habere" take, tunda kama ta yi kama, ma'ana ma ta zo ɗaya. Ba haka ba ne. Masana tarihin harsuna sun nuna "have" da "capere" ne suka fito tsatso ɗaya, don sautin "k" na can da ya koma "h" a harsunan dangin Jamusanci, da Turanci ke cikinsu. Kamar fuska ba ta tabbatar da dangantaka, Ɗan Gwaggo.

Maman Ilham: Wato in na ce kishiyata "capable" ce ban yi ƙarya ba ke nan.

Auwal Injiniya: Dokta ashe shi ne "habilis" ɗin da ke cikin "Homo habilis" da muka haddace a sakandare?

Dokta Nura: Shi ne. A 1964 Louis Leakey da abokan aikinsa suka raɗa sunan, bayan ƙasusuwan wani daɗaɗɗen halitta mai kama da mutum da aka tono a kwazazzabon Olduvai a Tanzaniya. Sun samu kayan aiki na dutse a wurin, sai suka kira shi mai hannu, gwanin sarrafa kaya.

Ustaz Kabiru: A dai tsaya a kan kalma jama'a, kar a ja mu wancan fagen, in ba haka ba sai asuba.

Baba Sojan Ruwa: 'Ya'yana ku bar tsoho ya sa baki. A jirgin ruwa "able" muƙami ne, ba ado ba. Yaro zai shigo a matsayin "ordinary seaman", ya yi wanke-wanken bene, ya koyi ɗaurin igiya, ya koyi riƙe sitiyari da tsayuwar gadi cikin dare ruwa na dukansa. Sai ya ɗauki lokaci a teku an gwada shi an gamsu, sannan a kira shi "able seaman". Tsarin tun zamanin jiragen filafilai na Ingila yake, kuma har yanzu jiragen 'yan kasuwa sai da takardar shaida ake ba mutum wannan suna. Shi ya sa in na zauna a taro na ji an ce wa wanda bai taɓa gyara ko famfon unguwa ba "able leader", sai in sunkuyar da kai in ci goro.

Hajiya Turai: Allah ya ƙara girma Baba. Ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Wanda ma ya fi ba ni haushi shi ne "ably represented". Babban baƙo ya ƙi zuwa, ya turo wani yaronsa da bai san ma sunan ƙungiyar ba, yaron bai buɗe baki ba tukuna, an riga an sanar wai ya wakilce shi da ƙwarewa. Wace ƙwarewa? Ta zama a kujera?

Garba MC: Hajiya ki yi haƙuri, ke a kujera kike, ni ne a tsaye. Bari in gaya miki yadda abin yake. Ana miƙo maka takarda an jero sunaye, wani lokaci a bayan katin gayyata aka rubuta da fensir. Kana karantawa wani yana jan rigarka ta baya yana raɗa maka cewa ka tsallake wane. Ka ce wa na farko "able", na biyu ka kira sunansa haka gaya ba miya, wallahi kana kallo fuskarsa za ta canza, yaransa su fara harararka daga inda suke tsaye. An tashi taro a neme ka a ce me Oga ya yi maka. To ni da na zo neman na cefane, ina ni ina auna wanda ya cancanta? Kowa in ba shi tasa in wuce. Kuma ai Bahaushe ya ce yabon gwani ya zama dole.

Hajiya Turai: Gwani aka ce Garba, ba duk mai babbar riga ba. Ni ba na ƙin kirari. In maroƙi ya ce wa mutum giwa ko bajimi, kowa a wurin ya san kirari ne, shi ma wanda ake yi wa ya sani, ya ba da tukwici a wuce. Matsalar wannan ita ce ta sa kwat ta shigo kamar hukunci, alhali roƙo ne. Sannan ranar da za ka rubuta wa yaron kirki takardar shaida ka ce "able" ne, kalmar ta riga ta zama ruwa, ba ta ɗaga shi ko taƙi ɗaya.

Auwal Injiniya: Ni ina bayan Garba a nan, amma da wani dalili daban. Wa ya ce sai yadda mutumin Landan ya yi da kalma za mu yi? Su ma Dokta ya gama gaya mana daga Faransawa suka karɓa, suka yar da harafi, suka juya ma'ana. Ba wanda ya kai su ƙara. Mu ma Turancin ya zauna a ƙasar nan fiye da shekara ɗari, mun biya kuɗinsa. In a wurinmu "able" ta zama lafazin girmamawa a taro, to ta zama. Ba ga "capacity" ba, da 'yan siyasa suka mayar kirari, ana ihunta a filin kamfen?

Ticha Ladidi: Injiniya ban ƙi taka ba, harshe na masu magana da shi ne. Sai dai ni da ke shirya yara jarabawar WAEC dole in gaya musu inda kowace magana take ci. A filin taro ka faɗi abinka. A takardar neman aiki ko neman gurbin karatu a waje, in ka cika ta da "my able supervisor" da "under the able leadership of", mai karantawa zai ji ƙamshin fadanci tun daga layin farko. Can abin da ake so ka faɗi abin da mutumin ya yi.

Hajiya Turai: Yawwa Malama. A bari a ga aiki tukuna. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Sadiq Mai Keke: Anti Turai da girmanki, wannan karin maganar dai a ajiye mana ita. Ina karanta ku tun ɗazu ban yi niyyar magana ba. Ni shan inna ta same ni ina ƙarami, da keken hannu nake yawo, kuma wannan kalmar da kuke wasa da ita mu kullum a kanmu take sauka, ta ƙofar baya. Ku ne "able-bodied", mu ne "disabled". In an yi sanarwar ɗaukar aiki aka sa ta farkon, na san an rufe ƙofa tun kafin a tambaye ni abin da na iya, alhali gyaran waya nake yi, kuma wayoyin masu ƙafafun ne ke zube a kan teburina.

Hajiya Turai: Ƙanena Allah ya huci zuciyarka. Na janye ta.

Maman Ilham: Sadiq to me kuka fi so a ce? Na ga yanzu ana cewa "differently abled", a rediyo kuma masu buƙata ta musamman.

Sadiq Mai Keke: Anti ko a tsakaninmu ba a haɗu a kan ɗaya ba. Wasu ba sa son naƙasassu, wasu kuma suna ganin "differently abled" lallashi ne kawai, irin na wanda ke jin kunyar kallonka. Ni dai kira ni Sadiq. Abin da ya fi damuna ba suna ba ne. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna mana bambanci, aka ba gine-ginen gwamnati da wuraren jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, aka ce a ware mana kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya wuce. Har yanzu akwai ofishin da in na je sai samari biyu sun ɗaga ni da keken sun haura da ni matakala, ina riƙe da takarduna a cinya kar su zube. A canza matakalar, sunan ya biyo baya.

Baba Sojan Ruwa: Allah ya yi maka albarka yaro. Magana ta fito.

Zee 'Yar JAMB: Malama Ladidi don Allah kafin a tashi. Tunda akwai "can", me ya kawo "be able to"? Kuma me ya sa aka ci ni a "the driver could stop before he hit the goat"? Na ga ai ya wuce ne.

Ticha Ladidi: 'Yata "can" ba ta da cikakkun gaɓoɓi. Ba ta shiga bayan "will", ba ta shiga bayan "to", ba ta shiga bayan "have". Babu "I will can come" a Turancin jarabawa, sai "I will be able to come". Duk inda "can" ta kasa shiga, "be able to" ake aikawa. Tambayarki ta biyu kuwa tarko ce da suke so ƙwarai. "Could" ta iyawa ce ta gaba ɗaya a da, kamar a ce tun yana ɗan shekara bakwai ya iya ninƙaya. Amma abu guda da aka yi nasarar yi a wani lokaci takamaimai, kamar direban da ya samu ya taka birki kafin ya buge akuya, "was able to" ake cewa, ko "managed to". In korewa ce kuma duk biyun sun halatta, "couldn't" da "wasn't able to". Ki kuma lura da wannan: "unable" ake cewa, amma sunanta "inability", ba "unability" ba.

Ustaz Kabiru: Ikon Allah. Mu a Hausa ai mun raba su tun tuni. Wanda ya iya tuƙi daban, wanda ya samu damar tuƙawa daban. A maganar Hajji, Ali Imrana aya ta 97, malamai ba sa fassara sharaɗin zuwa Hajjin da wanda ya iya, wanda ya samu iko suke cewa, wato guzuri da lafiya da amincin hanya. Talaka in ya ce ba ni da hali, ba cewa ya yi bai iya ba.

Dokta Nura: Allah ya gafarta Malam, ita ma "can" ɗin can asalinta sani take nufi. A tsohon Turanci "cunnan" ce, dangin "know" da "cunning". Daidai da yadda muke cewa ya iya Larabci, ya iya ɗinki. Da tafiya ta yi tafiya ta haɗiye iko da dama da izini duka.

Zee 'Yar JAMB: Dokta to "-able" ɗin da ke ƙarshen "readable" da "drinkable", ita ce wannan "able" ɗin aka manna?

Dokta Nura: Kusan kowa haka yake zato, har Turawan. A tarihi ɗafa-ƙeya ce daban, daga "-abilis" ta Latin. Amma da yake sun yi kama a ido, ma'ana kuma ta yi kusa, sai mutane suka ɗauke su abu ɗaya, wannan ya ƙara mata ƙarfi har ake liƙa ta a jikin kalmomin da ba su taɓa jin ƙamshin Latin ba, irin su "doable". In kina son ki gane aikinta ki saurari bakinki. Motar nan ba ta gyaruwa. Rubutun likita ba ya karantuwa. Yadin nan ba ya ɗinkuwa. Mu a cikin aikatau muke sarrafa abin, su a wutsiyar kalma.

Garba MC: To jama'a na ji duka. Ranar Asabar ina da taron saukar karatu da na siyasa a jere. A na siyasar zan gwada kiran kowa da sunansa da muƙaminsa kawai, in ga abin da zai faru. In aka hana ni kuɗin mota, Hajiya Turai ce za ta biya.

Hajiya Turai: Na yarda, amma sai ka turo mana bidiyo daga farko har ƙarshe. Na san halinka, kana hango babbar riga bakinka zai kuɓuce.

Garba MC: Ai Hajiya ko na cire "able" akwai "amiable" da "indefatigable" a aljihu.